Turancin burga da Turancin aiki: Tsokaci ga 'yan bokonmu

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe da samun gindin zama a tsakanin 'yan bokonmu, wato auna zurfin ilimin mutum da nauyin kalmomin Turancin da ke fita daga bakinsa. Duk wanda ya saba halartar bukukuwan ƙaddamar da littafi ko laccocin tunawa da magabata a Kaduna ko Kano ya san abin da nake nufi. Mai jawabi zai miƙe ya gyara babbar riga, ya yi ta ɓarin kalmomi masu gaɓa biyar-biyar, zaure ya kaure da tafi, ana ta cewa lallai wannan ya sha boko. Amma da za a tare mutum goma a bakin ƙofa a tambaye su abin da ya faɗa, da wuya a samu biyu da bakinsu zai zo ɗaya. Wani lokaci ma shi kansa mai jawabin, da za a ce ya mayar da zancensa zuwa Hausa, sai an ga gumi ya keto masa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina hana neman manyan kalmomi ne. Turanci shi ne harshen kotunanmu da bankunanmu, da shi ake rubuta takardar ɗaukar aiki da ta kora, da shi likita ke rubuta sakamakon gwaji. Lauya ko akanta ko injiniyan da jakar kalmominsa ba ta da nauyi, dole ya riƙa bin bayan tsararsa. Abin da nake so mu tattauna a yau shi ne, me ake nufi da a ce mutum ya san kalma? Kuma ta wace hanya magidancin da ya bar makaranta shekaru da dama, ga aiki ga iyali, zai faɗaɗa saninsa ta yadda zai amfane shi?

Bari mu fara da abin da jahiltar ma'ana ke jawowa. Na san wani ma'aikacin gwamnati, mai digiri biyu, wanda shi da abokansa biyu suka tsaya wa wani ɗan'uwansu ya karɓi rance a wani banki. A takardar da suka sanya wa hannu an rubuta cewa sun ɗauki nauyin bashin “jointly and severally”. Shi a saninsa, kamar yadda akasarinmu muke amfani da ita a nan ƙasar, “severally” na nufin sau da yawa, don haka bai ga abin tsayawa tambaya ba, ya ƙudurta a ransa cewa ko da ta ɓaci kashi ɗaya cikin uku ne nasa. A harshen shari'a kuwa, ma'anar wannan jimla ita ce mai bin bashi na da ikon ya bi su gaba ɗaya, ko kuma ya zaɓi mutum guda daga cikinsu ya karɓi dukkan kuɗin a hannunsa. Da bashin ya ƙi biyuwa, bankin ya duba ya ga shi kaɗai ne mai albashin da za a iya kamawa. Ya shafe shekaru ana yankar albashinsa saboda kalma ɗaya da ya ɗauka ya sani.

Wannan ba matsalar talaka ko ƙaramin ma'aikaci kaɗai ba ce. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, manyan lauyoyin Nijeriya sun yi watanni suna kai ruwa rana a kan kalmar “and”, wadda ɗan aji ɗaya na firamare ya sani. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ce wajibi ne ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin tarayya, sai wannan kalma ta biyo baya, sannan aka ambaci Babban Birnin Tarayya. Shin Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta, ko kuwa ana lissafa ta ne tare da jihohi 36? Sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Oktoban 2023, inda ta ce Abuja ba ta da wani fifiko na daban. Haka nan kalmar “impeach”. A nan gida mun san ta da ma'anar tsigewa, tun daga abin da ya sami Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna a 1981. A Amurka kuwa tuhuma kawai take nufi: majalisar wakilai ta yi wa Shugaba Bill Clinton haka a Disambar 1998, majalisar dattawa ta wanke shi a Fabrairun 1999, ya kuma ƙarasa wa'adinsa. Ɗan jaridar da ya fassara wancan labari da cewa an tsige shugaban Amurka ya yaɗa ƙarya ba da niyya ba. A asibiti ma haka abin yake. Mutum nawa ne suka ga “positive” a takardar gwaji suka yi hamdala, alhali cutar ce aka samu? Mutum nawa ne suka ɗauka “chronic” na nufin ciwo mai tsanani, alhali ciwon da ke daɗewa a jiki take nufi?

Domin mu gane dalilin da ya sa Turanci ke da irin waɗannan ramuka, sai mun waiwayi tarihinsa. Asalinsa harshen wasu ƙabilu ne da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Daga gare su aka gaji kalmomin gida da na gona, gajeru masu sauƙi, irin su “house” da “bread” da “mother”. Daga baya mayaƙan teku daga Denmak da Norwe suka zo da nasu, kamar “sky” da “egg” da “take”. Babban juyin ya zo a 1066, lokacin da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Shi ya sa har gobe kalmomin mulki da shari'a irin su “court” da “judge” da “parliament” da “revenue” duk daga Faransanci suke. Talakan da ke kiwon saniya yana kiranta “cow”, basaraken da ake kai wa namanta a akushi yana cewa “beef”. A ƙarni na 16 da na 17 kuma masana suka yi ta kwaso kalmomi daga Latin da Girkanci, har wasu Turawan suka fusata, suka laƙaba musu sunan kalmomin kurtun tawada, domin a ganinsu ba su da amfani sai ɓarnar tawada da nuna isa. Ashe dai rigimar Turancin burga ta girmi zuwan Bature ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru.

Sakamakon wannan tarihi shi ne, fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na Turanci daga Latin da Faransanci suka fito, kuma sau tari za ka sami kalma uku a kan abu guda, kowace da matsayinta. Akwai “ask”, akwai “question”, akwai “interrogate”. Dukkansu tambaya ce, amma ta farko ita ake yi wa aboki, ta ƙarshe kuwa sai a ofishin 'yan sanda. Wanda ya rubuta wa shugabansa cewa yana so ya yi “interrogating” ɗinsa a kan batun hutu, don kawai ya ga kalmar ta fi tsawo, ya yi rashin ladabi bai sani ba. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Muna da mutu, muna da rasu, muna da yin wafati. Ba a cewa akuya ta rasu, kuma wanda ya shiga gidan makoki ya ce ya ji tsoho ya mutu, za a yi masa kallon marar tarbiyya. A nan ne haɗarin littattafan da ke jera kalmomi masu kusancin ma'ana yake, irin wanda Peter Roget ya fitar a 1852 da 'ya'yansa da ke cikin kwamfutocinmu a yau. Za su ba ka kalma goma, amma ba za su gaya maka wadda ta dace da gidan makoki ba.

To, ina mafita? Hanya ta farko tana hannunmu tun tuni, sai dai ba mu lura da ita ba. Matsayin da Latin ke da shi a Turanci ya yi kama ƙwarai da matsayin Larabci a Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ɗan taɓa sarfu ya san cewa hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga saiwa ɗaya suka tsiro, kuma wanda ya riƙe saiwar ba zai ɓata a rassan ba. Haka manyan kalmomin Turanci suke. Ɗauki saiwar “scrib” ko “script”, wadda ke nufin rubutu. Idan aka sa mata ɗafa-goshin “pre”, wato kafin, sai a sami “prescribe”, abin da likita ke yi idan ya rubuta magani. “Subscribe” asalinta sanya hannu a ƙasan takarda. “Manuscript” rubutun hannu, domin “manu” hannu ne. “Proscribe” kuwa, wadda harafi ɗaya ya raba ta da ta likita, haramtawa take nufi, kuma ta samo asali ne daga al'adar Rumawa ta kafe sunayen waɗanda hukuma ta yi wa tofin Allah-tsine a bainar jama'a. Ko kuma saiwar “cred”, wato yarda: daga ita aka sami “credit” da “creditor” da “credible” da “credentials” da “accreditation”. Ma'aikacin bankin da ya gane haka ya gane cewa sana'arsa gaba ɗaya a kan amana aka gina ta. Mutumin da ya haddace saiwoyi hamsin da ɗafa-goshi ashirin ya sami mabuɗin ɗaruruwan kalmomi.

Sai dai kuma a yi hattara, domin saiwa jagora ce kawai, ƙamus ne alƙali. Ɗafa-goshin “in” ya saba kore ma'ana, kamar a “incorrect”, amma “inflammable” da muke gani a jikin tankokin mai ba ta nufin abin da wuta ba ta kama shi, tana nufin abin da ke kamawa nan take. “Invaluable” ma yabo ce, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Akwai kuma kalmomi masu baki biyu kamar gatari: “sanction” na iya zama amincewa, tana iya zama takunkumi, “oversight” na iya zama sa ido irin na kwamitin majalisa, tana iya zama abin da aka manta bisa kuskure. Jimlar da kalma ke ciki ce kaɗai za ta nuna maka bakin da aka sara da shi.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi rainawa, wato kula da ƙananan kalmomi. A shekarun da na yi ina duba rubuce-rubucen matasan ma'aikata, na lura cewa dogayen kalmomi ba su cika kayar da su ba, domin doguwar kalma galibi ma'anarta ɗaya ce ko biyu. Gajerun su ne masu santsi. Mu dubi namu harshen. Baƙon da ya koyi cewa “ci” na nufin sa abinci a baki, yaya zai yi da cin amana da cin bashi da cin jarrabawa da cin mutunci da cin kasuwa? Yaya zai yi da shan iska da shan kaye da shan alwashi? Haka “put” take a Turanci: “put off” ɗagewa, “put out” kashe wuta, “put up with” jurewa. Waɗanda suka yi wayo a 1993 za su tuna cewa a watan Agustan shekarar Janar Ibrahim Babangida ya ce zai yi “step aside”. Kalmomi biyu ne da ɗan firamare ya sani, amma an daɗe ana muhawara a kan ko sauka ke nan har abada, ko kuwa matsawa gefe ne kafin a dawo.

A wannan fagen ne kuma harshen uwa ke yi mana shigar sauri. Saboda baƙo a Hausa ya haɗa wanda ka gayyata da wanda ba ka sani ba, sai ka ji mutum ya gabatar da surukinsa a matsayin “stranger”. Saboda muna cewa ara mini, sai a ce “borrow me”. Saboda muna cewa ina zuwa alhali fita za mu yi, sai a bar Bature yana jiran wanda ya ce masa “I am coming” ya kuma juya baya. Wannan ba abin kunya ba ne, haka harsuna ke yi idan sun zauna wuri guda. Hasali ma a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da “Kannywood” da “okada” da “next tomorrow”, har da ita “severally” ɗin da ma'anarta ta nan gida. Amma aikin ƙamus shi ne ya rubuta yadda mutane ke magana, shigar kalma cikinsa ba ta sauya ma'anarta a takardar yarjejeniya. Gwani shi ne wanda ya san Turancin da zai yi a majalisar abokai da wanda zai rubuta wa kamfanin da ke Landan, ya kuma san lokacin da ya tsallaka daga wannan zuwa wancan.

Kalma nawa ake bukata? Masana sun yi wannan lissafi. Tun a 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawan fitowa, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. A 2000 Averil Coxhead ta ƙasar Niuzilan ta tace wasu iyalan kalmomi 570 da ke yawo a littattafan jami'a ko wane fanni ne, irin su “analyse” da “assume” da “significant”, kuma su kaɗai sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. Iyalin kalma shi ne uwa da 'ya'yanta, kamar “govern” da “governor” da “government”. A 2006 kuma Farfesa Paul Nation ya nuna cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da yawan tuntuɓe ba, wato ya zamana kalma ɗaya ce kawai cikin 50 za ta shige masa duhu, yana bukatar iyalai 8,000 zuwa 9,000. Adadin na da yawa, amma wanda ya riƙe biyar a kullum zai tara fiye da 1,800 a shekara. Darasin da ke ciki shi ne a bi tsari: wanda bai ƙware a waɗancan 570 ba, ɓata lokaci ne ya tafi farautar kalmar da ba za a gamu da ita ba sai sau ɗaya a shekara goma.

Game da kayan aiki, shawarata ita ce a nemi ƙamus ɗin da aka yi domin mai koyo. A. S. Hornby, malamin Turanci ne a Japan, ya lura cewa ƙamus ɗin da aka rubuta wa Bature ba ya biyan bukatar baƙon harshe, sai ya tsara nasa, aka buga a Tokyo a 1942, kamfanin Oxford ya sake fitar da shi a 1948. Shi ne kakan wanda ɗalibanmu ke riƙewa a yau. Na Longman da ya fito a 1978 ya yi bayanin kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi kimanin 2,000. Fa'idar irin waɗannan ita ce suna kawo misali a cikin jimla, suna nuna ƙaramar kalmar da ke bin babba, suna kuma faɗakarwa cewa “equipment” da “furniture” da “advice” ba a yi musu jam'i da ƙarin harafi a ƙarshe, kuskuren da ya cika takardun ofisoshinmu. Yanzu duk suna cikin wayar hannu, wasunsu kyauta. A gefe guda kuma a ajiye na Turanci da Hausa, kamar na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, saboda dalilin da zan faɗa nan gaba.

Amma ƙamus ba ya maye gurbin karatu. Kalma ba ta zama a kai sai an gamu da ita sau da dama a wurare daban-daban, kuma hakan ba ya samuwa sai ga mai karanta dogon rubutu: littafin tarihi, ƙagaggen labari, sharhin jarida, hukuncin kotu. A tanadi ɗan littafi, idan an ci karo da sabuwar kalma a kwafe jimlar gaba ɗaya, domin a san da wa take tafiya. Sannan a riƙa waiwaya. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, maganinta kuma shi ne maimaici a kan tazara. Alarammominmu na tsangaya ba su jira shi ba, da tilawa suke tsare haddarsu tun kafin a haife shi.

Ga kuma ma'aunin da na fi yarda da shi. Idan ka koyi kalma, ka gwada bayyana ta da Hausa, yadda mahaifiyarka ko direbanka zai gane ba tare da ka cusa wata kalmar Turanci ba. Idan ka iya, kalmar ta zama taka. Idan ka tsinci kanka kana inda-inda, to sautinta kawai ka haddace. Wannan ma'auni ya ƙara zama dole a yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya rubuta wa mutum wasiƙa mai sheƙi cikin daƙiƙa kaɗan. Na'urar ce ta rubuta, amma sa hannun naka ne, kuma ranar da aka tashi bin ba'asi kai za a kira.

Magabatanmu da suka yi suna a Turanci ta wannan hanya suka bi. Wanda ya nemi jawabin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 zai ga cewa akasarin kalmominsa ɗan sakandare zai gane su, amma kowace na zaune daram a inda ya ajiye ta. Kada kuma a manta cewa mutumin da ya yi wannan jawabi shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. A ganina ƙarfinsa a wancan harshe daga ƙarfinsa a wannan ya samo asali, domin wanda ya san abin da yake son faɗa da harshen uwarsa ba ya bukatar ɓuya a bayan dogayen kalmomi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ma'aikatu da su daina yaba wa takarda don nauyin kalmominta, su riƙa tambayar marubucin abin da yake nufi. Ina kira ga iyayen da ke hana 'ya'yansu yin Hausa a gida da sunan gyara musu Turanci da su sake tunani, domin suna raba yaran ne da ma'aunin da za su auna fahimtarsu da shi. Kai kuma mai karatu, idan aka miƙo maka takarda a banki ko a asibiti ko a gaban lauya, ka ga kalmar da zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, ajiye alƙalamin ka tambaya, ko da kuwa digirinka uku. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata.